Muryar Gwaggo a Dajin Kaɗanya

Ran nan a kasuwa ina tsaye gaban mai kayan miya, sai maƙwabciyarta ta buɗe murfin wani bokiti. Ƙamshin man kaɗe ya buge ni, irin na gida wanda ba a gauraya shi da komai ba, mai ɗan ƙaurin hayaƙin itace. Ban san lokacin da na ajiye tattasan da na zaɓa ba. Mai kayan miyan ta tambaye ni ko lafiya, na ce mata lafiya lau. To me zan ce? Da na ce mata murya na ji, da ta ɗauka kaina ya taɓu, domin ba mai waƙa a wurin, sai hayaniyar ciniki da ƙarar babura. Amma ni har gobe ba na shaƙar man kaɗe ban ji muryar Gwaggo ba.

Bari in gaya maka ko wace ce, don na tabbata ba ka taɓa jin labarinta ba. Ko a garinmu ma, da za ka tambayi mawaƙan da aka yi, ba wanda zai ambace ta.

Gwaggo yayar mahaifina ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A wani ƙauye muka taso can bayan Randagi, daidai inda gonaki suke ƙarewa daji ya fara. Kakata da ta haife su 'yar Gbagyi ce. Ban riske ta ba, amma sunanta aka sa mini, shi ya sa Gwaggo ba ta taɓa kama sunana ba. Uwata take ce mini, tun ina rarrafe har na yi 'ya'ya. Ta yi aure a wani ƙauye nesa da namu, ta haihu uku. Ƙyanda ta ɗauke biyu a bazara ɗaya, na ukun bai kai yaye ba. Da mijin ya rasu, Baba ya je ya ɗauko ta da kwallayenta da dutsen niƙanta, aka gina mata ɗaki kusa da rumbuna. Ni a nan na buɗe ido na gan ta.

Doguwa ce, baƙa, mai faɗin tafin hannu, kullum hannayen suna sheƙi saboda mai. Ba ta ɗaukar kaya a ka kamar sauran matan gidanmu. A kafaɗa take ɗora ƙwaryarta, yadda ta ga uwarta tana yi, kuma duk tsiyar da ake yi mata a kan haka ba ta sa ta sauya ba. Ba ta da yawan magana. Za ka wuni da ita ba ta yi maka jimla goma ba. Sai dai in hannunta ya kama aiki, to bakinta ya buɗe ke nan.

Muryarta ba irin wadda ake so ga mace ba ce a wancan zamani. Ana son siririya mai zaƙi, wadda za ta haura sama kamar sarewa. Tata kuwa daga ƙasan ƙirji take tasowa, mai kauri, da ɗan dishi a gefenta, kamar ana jan tabarma a kan yashi. In ta kama baiti sai ta riƙe shi har ka ce numfashinta ya ƙare, sannan ta lanƙwasa shi ta sauke a hankali. 'Yan unguwa kan kumbura wuya su kwaikwaye ta, su ce ga saniyar gidanmu ta fara. Tana ji, ba ta taɓa tankawa ba.

Waƙoƙin nata kuma ba su da ubangida. Ba ta wasa sarki, ba ta wasa attajiri, ba ta yi wa kowa zambo. Takan yi wa itace waƙa, ta yi wa rafi, ta yi wa hanyar da ba a bi kuma. Wani lokacin a tsakiyar baiti sai ta juya harshe ta shiga yaren uwarta, mu ba ma ji, Baba ma ya manta yawancinsa. Ta yi ta tafiya a can, sannan ta dawo Hausa kamar wadda ta leƙa wani ɗaki ta fito.

Idan ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi laushi, maza suka duƙufa shuka, mu mata hankalinmu na daji. Lokacin faɗuwar kaɗanya ke nan. Ana idar da sallar asuba za a fita, mata goma sha ko ashirin a jere, raɓa tana jiƙa mana zannuwa har gwiwa. Kowace da sanda a hannu saboda macizai, don su ma suna son gindin kaɗanya. Daji a lokacin yana da wani ƙamshi na danyen ganye da 'ya'yan itacen da suka fara ruɓewa, ga kukan hasbiya ta ko'ina. Akwai wani falalen dutse da ake sauke kaya a kai. Daga nan sai a watse, kowace ta bi inda ƙafarta ta kai ta, tana duƙe tana tsinta. Wanda bai san dajin doka ba zai ce ai ba wuya, amma itatuwan duk kama ɗaya suke yi. Ka duƙa sau ashirin ka ɗago, ba ka san gabas ba ka san yamma ba.

Gwaggo ba ta nisa da dutsen. A kewayensa take tsinta, tana waƙa, kuma da muryar ake auna nisa. In ka ji ta fara siririncewa, ka san ka yi zurfi, sai ka juyo. Akwai wadda ta fi yi a farkon fita:

Kaɗanya, ba kya tambayar mai tsinta,
kin faɗo wa mai dariya, kin faɗo wa mai kuka.
Ni ma ga ni da ƙwaryata,
ki ba ni abin da ya samu.

Shekara da shekaru mata suna shiga dajin nan suna fita da wannan murya, amma ban taɓa jin wata ta kira abin waƙa ba. Kiran Gwaggo ake cewa, kamar yadda za a ce kiran zakara. In ta yi rashin lafiya ba ta fita ba, ranar ba mai yin nisa, a dawo da rabin ƙwarya ana ƙorafi.

Bayan tsinta sai aikin mai. A dafa ƙwayar, a shanya, a fasa, a soya, a daka, a niƙa, sannan a zauna a yi ta bugun ƙullun da ruwa har farin kumfa ya taso. Wuni guda ake yi ana bugu. Nan ne Gwaggo take yin waɗanda suka fi nauyi, hannunta cikin ƙullu har gwiwar hannu, idonta a bango. Ina zaune gefenta ina ƙara mata ruwa, nakan ga Inna, mahaifiyata, ta dakata da tankaɗe, sai can ta share ido da bakin zani ta ce hayaƙi ne.

Sau ɗaya tak aka taɓa sa ta waƙa a gaban taro. Bikin ɗiyar maƙwabcinmu ne, an kira zabiya daga Birnin Gwari, sai rafi ya cika ta kasa ƙetarowa. Mata suka taru, an kifa ƙwarya a ruwa, ga masu kiɗa ba mai waƙa. Wata ta ce a kira Gwaggo daga wurin tukwane ta rufa asiri. Ta ƙi, aka matsa mata, ta wanke hannu ta zo ta zauna. Da farko ta bi kiɗan yadda ake so, har an fara rawa. Can sai ta gangara hanyarta. Ta shiga waƙar yarinyar da take fita daga ƙofar uwarta tana waiwaye, tana ƙirga turmi da murhu da igiyar shanya, tana tambaya wa zai ɗebo wa tsohuwa ruwa gobe. Masu kiɗa suka sassauta da kansu. Uwar amarya ta fara kuka, amarya ta kama daga cikin ɗaki, tsofaffi suka sunkuyar da kai. Ba a taɓa yin shiru irin wannan a gidan biki ba. Sai uwar ango ta miƙe ta gyara mayafi ta ce, "Baiwar Allah, biki muka zo ko ta'aziyya?"

Gwaggo ta tsaya a tsakiyar kalma. Ta tashi ta koma wurin tukwanenta, ta ci gaba da tuƙin tuwo. Washegari na ji Baba yana ce mata, cikin ladabi, don yana jin nauyinta, "Yaya, waƙar nan ki riƙa barinta a daji." Ta ce to. Ba a sake kiranta ba, ita ma ba ta sake yarda ba.

Ina da shekara tara aka fara ba ni ƙwaryar kaina. A daminar nan ne na ɓata. Na sami wani layin kaɗanya da iska ta kakkaɓe ba wanda ya riga ni, na yi ta bi, ina tsinta ina shan wadda ta nuna, ina lissafin yadda Inna za ta yaba mini. Ban lura muryar ta ɓace ba. Wajen hantsi hadari ya taso da sauri, gari ya yi baƙi, mata suka ruga dutse suka kwashi kaya suka kama hanyar gida. Inna ta ɗauka ina tare da Gwaggo, Gwaggo ta ɗauka ina gaba tare da Inna. Sai da suka isa zaure suka dubi juna.

Ni kuwa na raɓe a gindin wata doka har ruwan ya tsagaita. Da na fito, duk sawun da na bari ya wanke. Na kama tafiya inda nake zaton gida ne, ashe ciki nake ƙara shiga. Silifa ɗaya ya maƙale a taɓo na bar shi. Na yi kira har na gaji, na yi kuka har na gaji, ƙudan tsando suna cizona, ciyawa tana yankar ƙafafuna. Na ga kashin wata dabba sabo, babba, ban san ko na mece ce ba, daga nan na daina kira don kada ta ji ni. Ƙwaryar dai ban sake ta ba.

A gida maza suka fita da karnuka, wani maharbi na gaba, suka nufi wajen rafi domin can ake tsoron yaro ya faɗa. Gwaggo ba ta bi su ba, ba ta kuma zauna da mata masu salati ba. Ta juya ita kaɗai cikin yayyafi ta koma dutsen, ta hau samansa, ta fara. Tun kafin azahar take yi har rana ta yi ja. Daga baya aka ce sallah ce kawai ta tsayar da ita, a nan kan dutsen ta yi ta.

Lokacin da na fara jin abin, can ƙasa-ƙasa, na ɗauka aljanu ne, don an sha gaya mana suna kwaikwayon muryar mutane. Na tsaya cik. Iska ta kawo, ta ɗauke, ta sake kawowa. Sai na ji yadda aka riƙe baiti aka lanƙwasa shi, na san ba aljanin da zai iya wannan. Daga bayana take zuwa. Na juya na bi. In iska ta sauya na rasa ta, sai in tsaya har ta dawo. Abin da take maimaitawa shi ne:

Hanyar gidanmu ciyawa ta cinye,
wanda ya san ta ya riga ni gaba.

Tun ina jin kalmomin har suka zama gurnani kawai, don muryar ta fara mutuwa, amma ba ta tsaya ba. Saura kaɗan in hango dutsen sai ga karnuka, ga maharbi a bayansu, sun kewayo daga rafi. Ya ɗaga ni ya saɓa a wuya, aka shiga gari da ni ana kabbara. Baba ya ba shi zakara da ƙwaryar dawa, aka yi kwana da kwanaki ana labarin yadda ya iya bin sawu. Gwaggo ta shigo daga baya, a jiƙe sharkaf, ba wanda ya waiwaye ta. Na gaya wa Inna muryar na biyo, ta ce Allah ne ya kuɓutar da ni, kuma gaskiya ta faɗa.

Da aka watse, Gwaggo ta ja ni ɗakinta ta zaunar, ta ɗebo mai tana shafa mini a yankan ƙafa. Muryarta ta tafi gaba ɗaya, sai da ta kusa mako biyu kafin ta dawo. Ta kawo bakinta kusa da kunnena, da raɗa ta ce, "Uwata, kin ji ni?" Na ce na ji. Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da shafawa. Iyakar abin da ta nema ke nan.

Mutum ɗaya ne a gidanmu ya yarda abin da take yi waƙa ce, shi ne Baffa, autansu, direban babbar mota mai kai masara Kaduna. Wata bazara ya zo da rikoda mai cin batir shida, ya ce yau sai ya ɗauki Yaya. Ta ce ya bar ta da abin kunya, ya nace. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro. Ta shiga ɗaki ta fito sanye da atamfar da take zuwa idi da ita, har da kwalli, kamar na'urar tana da ido. Da farko ta kasa. Ta ce ita ba ta iya waƙa hannu sake ba. Sai aka kawo mata ƙwayar kaɗanya da dutse tana fasawa, nan take muryar ta zo. Ta cika fuska ɗaya ta kaset ɗin. Da aka mayar aka kunna, ta rufe baki da hannu tana dariya, tana tambaya ko haka mutane suke jinta. Baffa ya ɓalle ɗan haƙorin nan na saman kaset don kada wani ya yi kuskuren ɗaukar wani abu a kai.

Ya tafi da shi Kaduna wurin wani mai buga kaset yana sayarwa. Mako biyu duk ƙarar motar da Gwaggo ta ji sai ta ɗaga kai. Da ya dawo ya ce mata mutumin ya yaba, sai dai kasuwa ba ta da kyau bana. Ni na ji abin da ya gaya wa Baba a zaure. Mutumin ya saurara kaɗan ya kashe, ya tambaya wa take wa waƙar. Baffa ya ce ba kowa. Ya tambaya ina makaɗa, ina 'yan amshi. Sannan ya ce wa zai ba da kuɗinsa ya sayi kukan tsohuwa. Gwaggo ta karɓi kaset ɗin ta naɗe a tsumma ta sa a cikin kwalla. Rikodar kuma Baffa ya bar mana ita a gida.

Yanzu na zo wurin da ba na son faɗa. Na ci jarrabawa aka kai ni makarantar kwana ta 'yan mata. Ina shekara goma sha biyar na dawo hutu kaina ya cika da birni. Magana ta sauya, tafiya ta sauya, waƙar Gwaggo ta zame mini abin da ba na so ƙawayena su san da shi. A makaranta akwai wata mawaƙiya baƙar fata daga Amurka da duk muka mace a kanta, ana sa waƙarta a wani shirin rediyo ranar Lahadi da rana. Ina son in koma da ita a kaset in burge 'yan ɗakinmu, kuma ba inda ake sayar da kaset a ƙauyen. Ranar Lahadi Gwaggo ta tafi rafi wanki. Na shiga ɗakinta na buɗe kwallar. Ba zan ce maka kuskure ba ne. Na ga ramin haƙorin da Baffa ya ɓalle, na san dalilinsa, na yagi takarda na dunƙule na cusa a ciki don maɓallin ya dannu. Na ɗauki shirin tun daga farko, har waƙar ta zo ta wuce. Na ce a raina zan tafi da shi ranar komawa, ai ba ta taɓa kunnawa. Na naɗe na mayar.

Kwana biyar bayan haka, ranar Juma'a, ta aika aka sayo batir da kuɗin man da ta sayar. Ban san abin da ya taso mata ba. Ta kira ni ɗaki ta ce in kunna mata, ita ba ta san maɓallan ba. Na sa, na danna. Muryar wani mutum ta fito yana Turanci, sai kiɗa. Na fashe da kuka, na fara rantse-rantse ina neman abin faɗa. Ta ɗaga mini hannu in yi shiru, domin matar ta fara waƙa.

Ta karkata kai ta saurara har ƙarshe, ba ta motsa ba. Sannan ta ce, "Me aka yi mata?"

Na ce ban gane duka ba, kamar wanda take so ne ya tafi ya bar ta.

Ta girgiza kai. Ta ce, "Wannan ya wuce tafiyar namiji. Wannan ta binne wani." Sannan ta ƙara da cewa, "Ta iya ajiye numfashi. Mayar mini."

Na mayar, muka sake ji tare. A karo na biyu ne na ji abin da kunnena ya ƙi ji duk tsawon zaman makaranta. Kaurin nan, dishin nan, riƙe baitin nan har ka ce numfashi ya ƙare, duk abin da ya sa muka mace a kan baƙuwar yana zaune kusa da ni a kan tabarma, yana warin hayaƙi da mai. Muka bar kaset ɗin yana tafiya. Daf da ƙarewa, inda na kashe ɗauka, sai muryar Gwaggo ta ɓullo, baiti biyu cikin yaren uwarta, da ƙarar dutse a kan ƙwaya, da dariyar Baffa, shi ke nan ya tsaya. Ta ce, "To, ga ni can a baya." Ta zare shi ta miƙo mini ta ce in riƙe, nawa ne yanzu. Ba ta gaya wa Baba ba, ba ta gaya wa Baffa ba har ya bar duniya. Da ta mare ni da na fi samun sauƙi.

Na riƙe shi shekaru. Wata rana rikoda ta tauna zaren, na kai wa mai gyara, ya ce zafi ya riga ya manne shi, ba abin da za a ceto.

Ta rasu da kaka, ina Kaduna da goyon ɗana na biyu. Kafin saƙo ya iso ni an riga an kai ta. Na je zaman makoki, na zauna kwana uku ina sauraron masu ta'aziyya. An yabi haƙurinta, an yabi tsabtar manta, an ce ba ta taɓa faɗa da kowa ba. Ba wadda ta ambaci waƙa. Ni ma ban ambata ba, na ji kamar ba wurinta ba ne, kuma wannan ma yana cikin abin da nake nadama.

Yau dajin nan ba na masu tsinta ba ne. Tun da ya koma hannun masu bindiga, mata suka daina wuce bakin gona, daga baya gonar ma ta gagara. Mutanen ƙauyenmu yawanci sun taso sun dawo cikin gari, gida guda iyali uku ko huɗu. An ce kaɗanya tana zuba tana ruɓewa a ƙasa, wadda ke kusa da hanya kuma an sare an yi gawayi. 'Yan matan da aka haifa a gari ba su san bugun ƙullu ba, kuma ban ga laifinsu ba.

Bara na je suna a gidan ƙanena a Saminaka. Bayan an ci an sha, na tarar da tsofaffin ƙauyenmu su biyar a ɗaki ɗaya, sun miƙe ƙafa suna hira. Na gaishe su na zauna, na yi ta juya maganar a bakina, sannan na tambaya ko akwai mai tuna waƙoƙin Gwaggo. Suka dubi juna, ɗaya ta yi dariya ta ce wace waƙa kuma, kiran nan nata? Can sai wadda ta fi su tsufa ta fara, da 'yar muryarta mai rawa. Wata ta katse ta ta ce ba haka ba ne, ta tsallake baiti. Ta ukun ta ce duk sun ɓata, ga yadda yake. Kafin a jima su biyar suna yi tare, suna gardama, suna kuka, suna dariya. Na ajiye wayata a tsakiya tana ɗauka. Muka samo guda bakwai, wasu rabi-rabi. Ɗaya daga cikinsu ta share hawaye ta ce ita shekara talatin tana jin abin nan a bayanta, ba ta taɓa tsayawa ta saurara ba sai yau da mai shi ba ta nan.

Amma duk inda waƙar ta kai wurin da Gwaggo ke juya harshe, sai su koma gunguni da hanci har a wuce. Ba mai jin yaren a cikinsu. Suka ce akwai mace ɗaya da ta rage, wata tsohuwa Kirista a wani ƙauye wajen Tabanni, tare suka yi 'yammatanci da Gwaggo, daga bakin kakata suka koya su biyun. 'Ya'yanta sun yi sun yi ta dawo gari ta ƙi, ta ce inda aka binne mijinta nan za a binne ta. Ba waya a wurin. Hanyar babur ce, kuma ba kullum ake binta ba.

Na ba wani mai kai kaya can saƙo. Sai bayan wata biyu amsa ta zo. Ta ce a gaya wa 'yar ɗan'uwan ƙawarta waƙoƙin suna nan, ba ta zubar da ko ɗaya ba, kuma tun da take ba wanda ya taɓa tambayarta. Ta ce ita ba za ta zo gari ba, in ina so in zo, amma in sani ba ta da damina da yawa a gaba.

Maigidana ya ce in jira hanya ta yi sauƙi. 'Ya'yana sun ce kada in kuskura. Masu zuwa can sun ce bayan girbi, in ciyawa ta kwanta ana hango nesa, akan samu kwanakin da ake wucewa lafiya. Na sayi turmin atamfa da sabulu na ajiye a ƙasan akwati. Dawa ta fara ja yanzu. Kullum in na idar da sallar asuba nakan daɗe a kan darduma ina roƙa mata tsawon kwana, matar da ban taɓa gani ba.